Akitek, Mai Zane ko Magini: Wa Za Ka Damƙa wa Ginin Gidanka a Zariya?

Duk wanda ya mallaki fili a Zariya, a Hanwa ne ko Ɗan Magaji ko bayan Samaru, ko kuma ya gaji sashe a gidansu na cikin Birni yana son faɗaɗa shi, akwai shawarar da ya wajaba ya yanke tun kafin a sauke tifar yashi ta farko, wato wanda zai tsara masa ginin da wanda zai tsaya a kai har a yi shi yadda aka tsara. Hanyoyin da mutane ke bi a nan kusan huɗu ne. Wani yakan kira magini ya nuna masa fili, su kafa turaku su ja igiya, washegari a fara tonon fandisho. Wani yakan je wurin mai zanen filan ya biya kuɗi kaɗan ya karɓi takarda. Wani yakan ɗauki akitek ya zana masa gidan su rabu a nan, wani kuma yakan riƙe akitek ɗin har a buga kwano. Kowace daga cikinsu tana da inda ta dace, kuma abin da ya kamata ya raba gardama shi ne irin ginin, da irin ƙasar da za a ɗora shi a kai, da yawan lokacin da mai gida zai iya ba aikin, kafin ma a zo kan nauyin aljihu.

A wurin gini kusan duk wanda ya riƙe tef ɗin awo ana kiransa injiniya, saboda haka yana da kyau a san wanda doka ta sani. Hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ce ke yi wa masu aikin akitek rajista a Nijeriya, kuma wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da izinin kiran kansa da wannan suna. Kafin mutum ya kai can yakan yi digirin farko na shekara 4, ya ƙara digiri na biyu, ya yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga shi, sannan ya ci jarrabawar ƙwararru. Injiniyan da ke lissafin ƙarfin gini shi kuma hukumar COREN ce ke yi masa rajista, kuma aikinsa daban ne: akitek yana tsara ɗakuna da iska da haske da kamannin gida, injiniya yana faɗin kaurin rodi da faɗin fandisho da girman fila. Zariya ta yi sa'a ta wannan fuska, domin sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, ya ma girmi jami'ar da aka buɗe a 1962, tun da ya samo asali ne daga tsohuwar kwalejin fasaha da ta gabace ta. Wannan ya sa masu ilmin zane suka yi yawa a garin, amma kuma ya sa ɗalibi da wanda ya gama jiya da mai rajista duk suna karɓar aiki a kasuwa ɗaya.

Hanyar magini kaɗai ita ce mafi tsufa, kuma ba ta cancanci raini ba. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'arsa a shekarun 1830, da bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu riƙe da rufi, da har yau masu nazarin gini ke zuwa kallo, ba a can za a ce magini bai san tsari ba. Idan aikin katanga ne, ko shago ɗaya, ko ƙarin ɗaki ciki da falo a ƙasa a fili mai tauri, gogaggen birkila da ka ga ayyukansa da idonka zai wadatar. Idan kuwa gyaran soron ƙasa ne, da sauya azara da yaɓe da gyaran indararo kafin damina, maginin gargajiya ya fi yawancin masu digiri sanin abin da yake yi, domin da yawansu ba su taɓa kwaɓa ƙasa ba. Shi ne zai gaya maka, alal misali, cewa filastar siminti a kan bangon ƙasa ba ta kamawa sosai, takan ɓoye danshi a bayanta har wata rana ta ɓanɓaro da fuskar bangon gaba ɗaya.

Raunin wannan hanya yana bayyana ne da zarar ɗakuna sun yi yawa. Magini yana gina abin da ya saba ginawa, kuma yana tunani ne daga bango zuwa bango, saboda haka sai gini ya kai linta ake gano cewa ɗakin tsakiya ba shi da tagar da ke kallon waje, ko cewa duk baƙon da zai shiga bayan gida sai ya ratsa ta gaban kicin ɗin uwargida. A lokacin gyara yana nufin rushe bulo da aka riga aka biya kuɗinsa da na ɗora shi. Sannan babu takardar da za a koma gare ta idan saɓani ya tashi. Mai gida ya ce ƙafa 14 ya faɗa, magini ya ce 12 ya ji, kuma ba mai shaida sai leburan da ke kwaɓa siminti. Wanda ya ba da jinga ba tare da zane ba ya sayi abin da ba a fayyace ba, shi ya sa irin wannan jinga ta cika ƙarewa da neman ciko.

Mai zanen filan yana magance rabin wannan matsala da kuɗi kaɗan. Yawancinsu sun yi karatun difloma a fannin, ko kuma ɗalibai ne da suka iya manhajar zane a kwamfuta, kuma a cikinsu akwai masu hannu ƙwarai. Za ka sami takarda mai awo wadda birkila zai bi, za a iya ƙirga bulo da kwano daga cikinta, kuma ga gidan ƙasa mai ɗaki biyu ko uku a fili mai kusurwa huɗu daidai, sau da yawa hakan ya isa. Sai dai a san abin da ake saya. Galibi mai zane yana rubuta abin da ka faɗa masa ne, ba ya jayayya da kai, kuma ba kasafai yake zuwa ya taka filin ba. Wasu ma tsohon filan suke buɗewa su sauya suna, shi ya sa ake ganin gidan da aka tsara don fili mai kallon kudu an dasa shi a fili mai kallon yamma, falo yana shan ranar la'asar ta watan Afrilu. Akwai kuma al'adar kai zane wurin mai rajista ya buga hatimi a biya shi, alhali bai duba aikin ba. Takarda za ta wuce a ofis, amma idan bango ya tsage, wanda ya zana zai ce ba shi ya sa hannu ba, wanda ya sa hannu kuma zai ce ba shi ya zana ba.

Abin da ke bambanta akitek na kirki yana faruwa ne kafin ya zana layi ko ɗaya. Zai zauna da kai ya yi tambayoyin da wataƙila ba ka yi wa kanka ba: mutum nawa ne za su kwana a gidan yanzu da kuma nan da shekara 10, ko akwai niyyar ƙarin aure, ko mahaifiya za ta dawo wurinka, ko ana girki da itace a waje baya ga gas, ko ana kiwon tumaki, ko mata za su buƙaci ƙofarsu daban da ta baƙi maza, da inda za a shimfiɗa tabarmi ranar suna. Tsarin gidan Bahaushe na zaure da shigifa da tsakar gida an yi shi ne don amsa waɗannan buƙatu, kuma filan da aka kwafo daga intanet ko daga gidan aboki a Abuja ba ya amsa su sai an tilasta shi. A nan shawarata ita ce a shigar da matar gida cikin zaman tun farko, domin ita ce za ta yini a cikin ginin, kuma ita ta san nisan da ke tsakanin murhu da randa. Shi ma batun alƙibla a nan ake warware shi, domin daga Zariya tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, kuma juya mazaunin bayan gida a takarda ba ya cin ko sisi.

Daga nan sai yanayin garin. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, hadarin farkon damina kuma yakan taso daga gabas da iska mai yaye kwano. Hunturu yana kawo ƙura daga arewa maso gabas, bazara kuma tana gasa bangon yamma. Wanda ya san aikinsa zai yi ƙoƙarin sa dogayen ɓangarorin gida su kalli arewa da kudu, ya rage manyan tagogi a yamma, ya ba kowane ɗaki taga a bango biyu don iska ta ratsa, ya kuma fito da bakin rufi sosai don ya kare bango daga feshi da rana. Zai kuma gaya maka gaskiya game da rufin da ake yayi. Rufin ɓoye, wanda bango ke tashi ya rufe kwano, yana da kyan gani, amma duk ruwan yana taruwa ne a kwatar kankare da ke bayan bangon, kuma idan ba a yi ta da kyau ba ko ganye ya toshe ta, silin ne zai sha a watan Agusta. Dogon rufi mai tsini shi kuma yana cin katako da kwano fiye da abin da ruwan Zariya ke buƙata.

Yawancin filayenmu ƙafa 50 ne a faɗi da 100 a tsawo, wato kimanin mita 15 da 30, kuma a cikin wannan ɗan wuri ake son gida da wurin mota da rijiya ko burtsatse da sokawe. Mafi ƙarancin tazarar da ake yawan ba da shawara tsakanin rijiya da ramin bayan gida ita ce mita 15, wasu ma sukan ce 30, kuma ba ramin gidanka kaɗai ake lissafawa ba, har da na maƙwabci da ke bayan katanga. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai an zo an ga filin. Haka ma batun ƙasa. Inda marmara take kusa fandisho ba ya wahala, amma filayen da ke gangaren Kubanni ko Galma, da waɗanda asalinsu kududdufi ne aka cike da shara aka sayar, suna buƙatar a tona a gani, wani lokaci a gwada ƙasar, kafin a yanke irin fandishon da za a yi.

A kan kuɗi ne mutane suka fi ja da baya, kuma gaskiya ne akitek ya fi mai zane tsada nesa ba kusa ba. Wasu suna caji da kaso na jimlar kuɗin ginin, wasu suna yanke kuɗi dunƙule, kuma a ƙananan gidaje ciniki ake yi, a biya kashi-kashi: bayan zanen gwaji, bayan cikakken zane, sauran kuma lokacin duba aiki. Hanyar auna wannan kuɗi ita ce a kwatanta shi da abin da mugun tsari ke ci. Lungun cikin gida mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 10 ya cinye murabba'in mita 12, daidai da ɗakin kwana guda, kuma sai an yi masa fandisho da daɓe da tayil da silin da rufi kamar kowane ɗaki. Kowane murabba'in mita na bango yana cin bulo kusan 10, ban da siminti da filasta da fenti a fuska biyu. Idan tsari mai kyau ya cire wannan lungu, ya kuma jera kicin da bayan gida a gefe ɗaya don bututu ya gajarta, yawanci ya riga ya biya kuɗin zanensa. Amma wannan hujja tana da iyaka, domin akwai akitek da ke zana don a yaba masa, ya cika gida da kusurwoyi da filoli na ado waɗanda ke ninka aikin kafinta. Idan ka faɗi abin da kake da shi ya zana abin da ya fi ƙarfinka, bai yi maka aiki ba, ko da hoton ya yi kyau a waya.

Akwai wata fa'ida da ta shafi yadda muke gini a zahiri. Kaɗan ne ke gama gida a shekara ɗaya. Ma'aikaci yakan yi fandisho bana, ya kai linta baɗi, ya jira wani abu ya shigo kafin rufi. A tsawon wannan lokaci birkila yakan sauya sau biyu ko uku, kuma cikakken zane ne kaɗai ke sa na uku ya ci gaba daga inda na farko ya tsaya. Ana ma iya roƙon akitek ya tsara gidan yadda za a gama sashe ɗaya a rufe a tare a ciki, sauran ya biyo baya ba tare da an fasa abin da aka gama ba.

Tsakanin karɓar zane kaɗai da riƙe akitek ya duba aiki, bambancin ya fi yadda ake zato. Zane ba ya hana birkila rage siminti, ba ya hana mai ɗaurin rodi sa milimita 10 inda aka rubuta 12, kuma da zarar an zuba kankare ba mai sake ganin abin da ke ciki. Kwaɓin da aka saba yi na kankaren gida shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi, tare da shayar da shi ruwa a kwanakin farko, abin da ake yawan sakaci da shi a lokacin hunturu da iska ke busar da komai da wuri. Wanda yake zaune a gari, yana da idon gini, kuma zai iya zuwa kullum, zai iya karɓar zane ya tsaya da kansa. Wanda yake aiki a Kaduna ko Legas yana aiko da kuɗi ta hannun ƙane, shi ya fi kowa buƙatar mai duba aiki wanda ba shi da riba a cikin sayen kaya. Cikakkiyar kulawa tana da tsada, kuma ga ƙaramin gida ban ga tilas a cikinta ba. Abin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne a yi yarjejeniyar ziyara a matakan da kuskure ba ya gyaruwa: ranar fitar da awon gini a ƙasa, bayan tono kafin a zuba fandisho, kafin zuba linta, kafin zuba dekin, wato daɓen kankaren bene, idan akwai, da lokacin da kafinta ya gama ɗaurin katako kafin a buga kwano.

Wani lokaci akitek zai ce a ba shi aikin gaba ɗaya, shi ne mai zane, shi ne ɗan kwangila. Wannan yana rage wa mai gida zirga-zirga, kuma idan an sami matsala mutum ɗaya za a nema. Illarsa ita ce wanda ya kamata ya duba ɗan kwangila ya zama shi ne ɗan kwangilar. Idan za a bi wannan hanya, a nemi mai ƙididdigar kayan gini daban ya fitar da adadin bulo da siminti da rodi da katako, a kuma ɗaure biyan kuɗi da matakan aiki, kada a ba da kuɗin rufi alhali gini bai kai linta ba.

Duk wannan zaɓi yana ƙarewa ne a inda bene ya shigo. Gidan sama, ko da hawa ɗaya ne, ba aikin magini kaɗai ba ne, ba kuma na mai zane ba ne, kai har akitek ba ya wadatarwa sai da lissafin injiniya mai rajista. Wannan ya fi tsanani ga masu son ɗora bene a kan gidan da ya riga ya tsaya, abin da ya yawaita a Samaru da Kongo da Tudun Wada saboda kuɗin hayar ɗalibai. Gidan da aka gina da bulo mai inci 6, a kan fandishon da aka yi don ɗaukar kwano kawai, ba a yi shi don ya ɗauki dekin da wani gida a kansa ba. Injiniya zai tona gefen bango ya ga zurfin fandishon da faɗinsa, ya duba ko akwai filoli da abin da ke cikinsu, sannan ya ce ko dai a kafa sababbin filoli masu nasu fandisho su ɗauki saman, ko kuma a haƙura. Idan ya ce a haƙura, neman wani da zai ce ya yiwu ba ya ƙara wa fandishon ƙarfi.

Faɗaɗa gida ta gefe ya fi sauƙi, amma yana da nasa tarko. Sabon gini yakan ɗan zauna bayan an gama shi, tsohon kuma ya riga ya zauna, don haka mahaɗarsu takan tsage idan ba a bar musu tsagi na musamman ba. Inda rufi biyu suka haɗu nan yoyo yake farawa, kuma sabon ɗaki yakan toshe tagar tsoho. A gidajen gado na cikin Birni akwai ƙarin abin da ba ya cikin takarda: bangon da kuke tarayya da maƙwabci, hanyar da ruwan tsakar gida ke bi ya fita lungu, tagar sama da za ta leƙa cikin gidan wani, da haƙƙin sauran magada a filin da za a cinye. A irin wannan wuri ziyarar akitek ta yini ɗaya tare da tsohon maginin unguwa, ko da ba za a yi cikakken zane ba, ta fi filan mai kyau da aka zana daga nesa amfani.

Batun izini shi ma yana shiga lissafi. A Jihar Kaduna hukumar KASUPDA ce ke ba da izinin gini, KADGIS kuma ke riƙe da harkar takardun fili, kuma neman izini yana tafiya ne da shaidar mallaka da zane mai hatimin masu rajista. Akitek da ya saba da wannan hanya ya san tazarar da ake bari daga titi da katanga, ya kuma san cewa ba a gini a ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko a kan hanyar ruwa. Wanda ya bi ta magini kaɗai yakan tsallake wannan mataki, sai ranar da aka shafa masa jan fenti a bango, ko ranar da ya so sayar da gidan ko jinginar da shi a banki, sannan ya koma neman zanen abin da ya riga ya gina.

Idan ka yanke shawarar ɗaukar akitek, ka nemi lambar rajistarsa, ka je ka ga gida biyu da ya yi waɗanda suka sha damina, ka tambayi masu su yadda aka rabu. Sannan a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: taswirar fili, shimfiɗar ɗakuna, fuskokin gini huɗu, zanen da ke nuna tsayin ciki daga fandisho zuwa rufi, zanen rufi, jadawalin ƙofofi da tagogi, da ko zanen injiniya da na lantarki da na famfo suna ciki ko daban za a biya. A rubuta sau nawa za a iya sauya zanen gwaji kafin a ƙara kuɗi, da yawan ziyarar wurin aiki, da wanda zai biya kuɗin mota idan filin yana wajen gari. A kuma amince tun farko cewa duk sauyin da mai gida ke so bayan an fara gini zai bi ta hannun akitek a rubuce kafin ya isa ga birkila, domin matsar da bango ɗaya a ƙasa yana iya barin bim ɗin sama, wato gicciyar kankaren da ke ɗaukar nauyi, ba abin da ya tokare shi.